Shu'aibu Ko-ta-kwana da Gafiyar Rumbu

A Madarumfa duk wanda ya tafi cin rani yakan dawo da abin nunawa. Wani moto, wani turmin atamfa, wani ko tabarmar roba ce ya riƙo. Shu'aibu kuwa da ya dawo, ba abin da aka sauke daga bayan kabu-kabu sai shi kansa da wata waya mai tsagaggen gilashi. A cikin wayar akwai wani Bature mai gemu wanda ba shi da aikin yi sai shiga daji yana cin ƙadangaru, yana koya wa mutane yadda za su rayu ranar da duniya ta rikice. Shu'aibu ba ya jin ko kalma ɗaya ta bakin Baturen, amma hakan bai dame shi ba, don ya ce shi da ido yake karatu.

Tun daga ranar teburin shayin Mamman bai sake samun lafiya ba. Mamman ɗan kawun Shu'aibu ne, taubashinsa ke nan, ga shi katanga ɗaya ta raba gidajensu, saboda haka yana da izinin faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa.

"Ku dai zauna nan kuna shan shayi," in ji Shu'aibu, yana duban mutanen da ke kan benci da tausayi. "Ran da anka wayi gari babu kasuwa, babu reson waya, babu esansin moto, an rufe hanyar Ɗan Issa, mi za ku ci? Ni ko ku aje ni tsakiyar daji da ɗan wando kaɗai, ku komo bayan wata guda ku ishe ni na yi ƙiba."

"Wa zai tuƙa maka tuwon?" in ji Mamman.

"Tuwo abincin raggaye ne. Ni wuta ba alimeti nika hura ta, nama ba bindiga nika kashe shi. Ruwa ko daga ganyen icce nika tatso shi."

"Ga tafki nan bayan gidanka."

"In ya ƙahe hwa?"

"Sai mu tsinci kihi da hannu, kai kana can kana tatsar ganye."

Aka yi dariya, shi ma Shu'aibu ya yi, don ya ɗauka yabonsa ake yi. Da yake ba ya buɗe baki bai ce "shirin ko-ta-kwana" ba, sai sunan ya bi shi, Mamman kuma ya ƙara masa da Kumandan. Shu'aibu ya ji daɗin abin har ya samo wani tsohon kaske, hular kwano ta ƴan kabu-kabu, ya sa aka rubuta masa sunan da fenti a goshi. Da kasken yake yawo cikin rana, ko da yake ko keke ba shi da shi.

Wadda ta fi kowa shan wahalar shirin ita ce matarsa Ladi. Ta nemi lemarta, ta tarar an zare ƙarafunan an yi kibau. Ta je jan ruwa, ta tarar an yanke robar guga an yi danƙon harbi. Muciyarta ta ɓata, sai ga ta an gasa ta a wuta an lanƙwasa, wai ta zama kere mai komowa, wanda in ka jefa zai buge nama ya dawo hannunka da kansa. Duk abin da Shu'aibu ya ƙera kuma sai ya hau tsani ya zuba shi a rumbu, don ya san nan ne kaɗai hannun Ladi ba zai kai ba. A gidajenmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta, ko da kuwa ita ta sussuke rabin abin da ke ciki.

Rumbun bai da wani abin kirki a lokacin, don rani ya yi nisa. Ɗan guntun geron ci ne a ƙasa, sai kuma damin iri. Wannan damin shi ne dukiyar gidan gaba ɗaya. Gero ne mai gashi wanda mahaifin Shu'aibu ya bar masa, yana nuna da wuri, tsuntsu kuma ba ya iya cinsa saboda gashin yana tsone masa ido. Ba a samunsa a kasuwa, a unguwar ma su kaɗai suka rage da shi. Kowace kaka Ladi ce take bin gona tana zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika, ta ɗaure ta miƙa wa mijinta ya ajiye. In damin nan ya salwanta, bana sai dai su yi roƙon irin da za su shuka, irin tsoho kuwa ya tafi ke nan har abada.

Shamuwa ta riga ta sauka a kan gawon bakin tafki, kowa ya fara gyaran sungumi, sai ran nan Ladi ta tare shi a tsakar gida.

"Maigida, gahiya ta samu rumbu. Da idona na gan ta ɗauke da zangarniya mai gashi."

"Gahiya?" Idon Shu'aibu ya yi haske.

"Ramin nata na nan gindin katanga. Don Allah ka hau ka sauko mani da irin in sa shi cikin tulu in lulluɓe, kai ko ka kwaɓa ƙasa ka liƙe tsagar rumbun."

"Ladi, ba ki san yaƙi ba. Allah ya kawo mani abokin gaba har gida, ki ce in kwashe kaya in gudu? Irin na nan inda shike. Shi ne tarkon."

Gafiyar kuwa ba ƙaramar gafiya ba ce. Ta kai girman kyanwa, ga farin bakin wutsiya, ga rashin kunya. Sauran gafiyoyi sai gari ya yi duhu suke fita, ita kuwa da hantsi take bin gindin katanga kumatu cike, ta tsaya ta dubi mutum sama da ƙasa sannan ta wuce.

Washegari da safe Shu'aibu ya sa kaske ya fito da kere. Gafiya ta leƙo. Ya ja baya, ya karkace kamar yadda Baturen yake yi, ya wurga da dukkan ƙarfinsa. Keren ya bi ta saman gafiya, ya bi ta saman katanga, ya bi ta saman gidan Mamman, ya ɓace. Can aka ji wani abu ya fashe ta wajen masallaci, aka kuma ji salati.

Shu'aibu ya tsaya da hannu a miƙe yana jira.

"Mi kake jira?" in ji Ladi.

"Komowa tai. Ki kauce kada shi same ki."

Ba a daɗe ba kuwa sai ga keren ya dawo. Liman Isa ne ya riƙo shi a hannun dama, a hannun hagu kuma marikin butarsa, don sauran butar tana can a warwatse.

"Shu'aibu, wannan muciyar taku ce?"

"Allah gafarta Malam, makami ne."

"To makamin ya kashe mani buta. Ita kuka aika shi kashewa?"

Shu'aibu ya durƙusa ya ba da haƙuri. Liman na juya baya ya dubi Ladi ya ce, "Kin gani ko? Na ce maki shina komowa." Gafiya tana bakin raminta duk wannan abin da ake, tana cin gyaɗa.

Makami na biyu busa ne. Ya yanko tiyon ruwa mai tsawon kamu biyu, ya samo ƙayar aduwa, ya daka barkono da tafarnuwa ya tsoma ƙayoyin a ciki, sauran garin kuma ya ɗura a tiyon don ƙarin ƙarfi. Ya bayyana wa mutanen teburin shayi cewa sirrin farauta shi ne kada nama ya gan ka. Don haka ya shafa toka a fuska, ya ɗaure harawar wake a jikinsa tun daga wuya har idon sawu, ya kwanta rub da ciki kusa da rumbu da tiyo a baki.

Gafiya ba ta gan shi ba, wannan gaskiya ne. Amma awakin Mamman sun gan shi. A wannan lokaci na shekara akuya in ta hangi harawa ba ta tambayar mai ita. Suka shigo ta kafar katanga, suka kewaye shi, suka fara daga kafaɗu. Shu'aibu ya daure bai motsa ba, don Baturen ma ba ya motsi ko maciji ya hau shi. Suka cinye bayansa, suka gangaro ƙugu. Daidai lokacin gafiya ta fito ta zauna a gabansa, ko taku uku babu. Shu'aibu ya saita tiyo, ya buɗe ƙirji don ya ja dogon numfashin da zai busa, ya manta bai cire bakinsa daga tiyon ba. A wannan ƙiftawar kuma bunsuru ya cafko tazugen wandonsa ya fizga.

Abin da ya biyo baya, maƙwabta sun ce sun ɗauka jaki ne ya faɗa rijiya. Ladi ta fito ta tarar da mijinta yana birgima, ido jajur, wando a gwiwa, awaki na bin sa suna ƙarasa harawa. Allah ya taimake shi ƙayar ta maƙale a tiyo, garin barkonon ne kawai ya wuce. Sai da ya shanye ƙwaryar nono guda kafin ya iya zama, muryarsa kuwa ta ɗauke ɗif.

Unguwa ta samu hutun da ta daɗe ba ta samu ba. Mamman ya zo dubiya, ya zauna ya kalle shi yana magana da hannu.

"Kumandan, cikin makamanka duka wanga ne ya yi aiki. In ya ƙare ka hwaɗa mani, ni zan kawo barkonon."

Ladi ta yi amfani da shirun ta sake roƙonsa. Ta ce hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, ta ce jiya ma ta ga gafiya ta wuce da zangarniya har sau nawa. Ta ce in ba zai sauko da irin ba, ya bari Mamman ya hau ya sauko da shi. Shu'aibu ya girgiza kai da ƙarfi. A ce wani namiji ya shiga rumbunsa, kuma taubashinsa, ai gara gafiyar ta cinye har da jinkar.

Ranar da muryarsa ta dawo, da babban shiri ta dawo. Ya bi gida gida yana gayyata, ya ce kowa ya zo ya ga yadda ake fitar da nama daga rami ba tare da an taɓa fartanya ba. Hayaƙi zai tura mata. Ya aro zuga-zugi wurin maƙeri, ya kwashe busasshen barkonon Ladi na shekara, ya haɗa da ƙaiƙayi da kashin jaki da tsumma, ya cusa a bakin ramin da ke gindin katanga. A cikin rumbu kuma ya riga ya ɗana abin da ya kira babbar bindiga, wato robar guga da aka ja aka ɗaure da igiya, an ɗora mata kibau na lema da keren nan, ko da gafiya za ta gudu can.

Mutane suka cika tsakar gida, wasu a kan katanga. Liman Isa ma ya zo, amma butarsa sabuwa ya bar ta a gida.

"Maigida," in ji Ladi a hankali, "ka hidda irin tukuna."

"Ramin na nan, rumbu na can. Mi ya haɗa su? Koma cikin mata ki sha kallo."

Mamman ya miƙo masa ashana, wato alimetin da ya raina. Shu'aibu ya dube ta kamar an miƙo masa abin ƙazanta. Ya fito da itace biyu, ya durƙusa, ya fara murza ɗaya a kan ɗaya. Ya murza, ya murza. Inuwar katanga ta matsa. Mai ƙosai ta zo ta sayar da ƙosanta ta tafi. Wani tsoho ya yi barci a tsugune ya farka. Tafin hannun Shu'aibu ya yi ƙuraje, gumi na zuba daga cikin kaske, amma itacen ko ɗumi bai yi ba.

"Kumandan," in ji Mamman, "in ran da duniya za ta rikice haka za ka yi, ka hwara tun yau."

Daga ƙarshe wata tsohuwa da ƙafarta ta gaji ta shiga madafin Ladi, ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba masa a gaba. Shu'aibu ya dubi garwashin, ya dubi jama'a.

"Ku shaida," ya ce, "ba alimeti ba ne."

Ya tura garwashin cikin rami, ya kafa bakin zuga-zugi, ya shiga zuga. Hayaƙi ya murtuke, ya shige ƙasa. Shu'aibu ya ce kowa ya zuba ido a bakin ramin, yanzun nan za ta fito tana neman gafara.

Abin da Baturen bai faɗa masa ba, ko ya faɗa bai ji ba, shi ne gafiya ba ta gina gida da ƙofa ɗaya. Wannan kuwa ta shekara da shekaru tana aiki a ƙarƙashin unguwar.

Hayaƙin farko a ƙarƙashin teburin shayin Mamman ya ɓullo. Mutum biyun da aka bari suna gadin tebur suka fito a guje suna hawaye, ɗaya riƙe da kofi. Na biyu ya fito a akurkin kajin maƙwabta, kaji suka tashi sama kamar zabi suka sauka a kan ƴan kallo. Na uku ya fito a banɗakin wani dattijo da ya ce shi ba zai je kallon shirme ba, sai ga shi ya iso wurin da gudu, buta a hannu, ya riga kowa tari. Na huɗu kuwa a gindin bangon masallaci ya fito, daidai lokacin da ladan ya kunna lasifika zai yi cigiyar wani jaki da ya ɓata.

"Jama'a, ana cigiyar wani jaki mai…" Sai atishawa. Lasifikar sabuwa ce, atishawar ta tsallaka tafki ta dawo. Ladan ya sake gwadawa, ta sake kama shi, ta yi ta kama shi a jere. Masunta da ke cikin kwalekwale suka ɗauka wani sabon gangami ne, suka juyo bakin gaɓa.

A tsakar gidan Shu'aibu ba mai iya ganin ɗan'uwansa. Kowa na tari, kowa na zagi, shi kuwa gogan yana ta zuga, yana cewa, "Ku daure, alamar nasara ce. Kowa ya tsare rami guda."

Ladi ce ta fara gani. Wani siririn hayaƙi yana fita ta kan jinkar rumbu. Ashe babbar ƙofar gafiyar tana ƙarƙashin rumbun ne, inda ƙaiƙayi da kara suka taru, zuga-zugin kuma ba hayaƙi kaɗai yake turawa ba, har da tartsatsi.

"Maigida, rumbu!"

Shu'aibu ya waiwaya. Wuta ta riga ta kama gindi tana lasar jinka. Ya miƙe ya ɗaga hannu biyu.

"Kada kowa ya firgita. Na shirya ma irin wagga rana. Akwai jakar gaggawa, komi na ciki."

"Tana ina?" in ji Liman yana tari.

Shu'aibu ya nuna wutar. "Cikin rumbun."

Kafin wani ya ba shi amsar da ta dace da shi, wuta ta cinye igiyar da ta riƙe babbar bindiga. A karo na farko tun da aka fara shirin ko-ta-kwana, makaman Shu'aibu suka tashi yadda ya kamata. Kibau na lema suka fito ta cikin jinka suna feɗuwa. Jama'a suka zube ƙasa gaba ɗaya, har Liman. Kibiya ɗaya ta tsire tulun ruwa, ɗaya ta ɗauke hular dattijon banɗaki ta kafe ta a jikin darbejiya. Bayansu sai ga keren ya fito yana juyawa da wuta a wutsiya. Ya yi sama, ya kewaya gidan Mamman, ya karkato, ya dawo ya sauka a tsakiyar kasken Shu'aibu da wata ƙara irin ta faɗuwar tasa. Shu'aibu ya zauna daɓas.

"Ya komo," in ji Mamman daga inda yake kwance.

Masuntan da atishawar ladan ta kira su ne suka ceci unguwar. Da su da mata aka yi layi daga bakin tafki, bokiti na bin bokiti, har wutar ta mutu ba ta tsallaka ko'ina ba. Amma rumbun ya tafi. Ya rufta ya zama tulin baƙar laka mai tururi, tsakar gida kuma ta koma fadama.

Ladi ta taka cikin lakar, ta tona da hannu, ta ciro abin da ya rage na damin iri. Gawayi ne, tana taɓa shi yana marmashewa. Ta zauna a wurin ta sa kuka, ba mai ƙara ba, irin na wanda ya gaji. Duk wanda ke wurin manomi ne, ya san abin da ta riƙe a hannu, don haka dariya ta ɗauke. A gabas hadari ya yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Shu'aibu ya tuna mahaifinsa yana murza zangarniyar nan a tafin hannu yana cewa a kula da ita, sai kunya da baƙin ciki suka cika shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Sai dai Shu'aibu mutum ne da ba ya iya zama cikin shiru. In ya ji shiru ya yi yawa sai bakinsa ya fara aiki ba da izininsa ba. Ya miƙe, ya gyara kaske, ya tako tsakiyar fili.

"Jama'a, kowane yaƙi da hasara tai. Amma ina tabbatar maku abokiyar gaba ta hallaka. Yanzu haka tana nan ƙarƙashin ƙahwata, ta zama toka."

Ya buga ƙafa a ƙasa don ya nuna wurin. Ƙasar da ta sha ruwan tafki ta buɗe baki ta haɗiye shi har ƙirji.

Aka taru ana jan sa, Mamman na riƙe da hannu ɗaya, wani masunci na riƙe da ɗaya. Da aka zaro shi, sai aka ga wani abu maƙale a yatsun ƙafarsa. Tasbaha ce.

"Wannan ai tawa ce," in ji Liman. "Tun bara nike nemanta."

Aka leƙa ramin. Ɗaki ne sosai a ƙarƙashin ƙasa, mai faɗin tabarma. Mai ɗakin ta toshe ƙofarsa da ƙasa tun da ta ji warin hayaƙi, don haka ko wuta ko barkono ba abin da ya shiga, ruwa ma sai yanzu da rufin ya faɗa. Mamman ya kwanta ya zura hannu ya fara fitowa da kaya. Ga cokulan shayinsa da ya yi ta zargin masu shan shayi da sacewa. Ga ɗan kunnen Ladi, ga guntayen sabulu, ga dabino, ga gyaɗa an tara ta gefe guda. Ga kuma igiyar sharjin wayar Shu'aibu da ya ce aljanu ne suka ɗauke.

"Ashe ita ma tana kallon Baturen," in ji Mamman. "Ita dai ta gane karatun."

Sai ya sake zura hannu can ƙurya. Ya fito da zangarniyar gero, busasshiya, cikakkiya, mai gashi. Ya sake fitowa da wata, da wata. An gutsuttsura su gajeru gajeru yadda za su shige rami, an jera su a tsanake, kuma ba ta ɗauko ko ɗaya mara kyau ba. Abin da ke wurin ya fi rabin damin.

Ladi ta share hawaye da gefen zane, ta shiga ɗaki ta ɗauko babbar ƙwarya. Shu'aibu ya matso yana kakkaɓe laka.

"Kawo in shiga in kwaso, aikin maza ne."

"Tsaya nan, maigida," in ji ta. "Rumbunka ne ba ni da ikon shiga. Wanga na mace ƴar'uwata ne."

Ta tattare zane ta sauka ramin da kanta. Tana kwasa mata na guɗa, maza na dariya har da riƙe ciki. Da ta cika ƙwarya ta fito, ta wuce da ita ɗakinta kai tsaye, aka ji ta ja ƙyaure ta sa sakata.

Shu'aibu ya yi gyaran murya. "To kun gani. Da na kashe ta tun ran farko, da yau ina iri? Duk cikin shiri ne."

"Da ka bar ta," in ji Mamman, "da yau akwai iri, akwai rumbu, akwai muciya."

Wani ya nuna kan katanga. Gafiya ce zaune, ko gashinta ɗaya bai ƙone ba, tana duban ɗakinta da aka fasa. Ta dubi taron, ta daɗe tana duban Shu'aibu, sannan ta sauka ta bayan gida. Ba wanda ya ɗaga ko tsakuwa.

Liman Isa ya sa tasbaharsa a aljihu, ya ce, "Shu'aibu, miƙo hular nan." Shu'aibu ya cire kaske ya miƙa. Liman ya karanta abin da ke rubuce a goshinsa, ya taka har gindin katanga, ya kife shi a bakin ramin gafiya.

"A gidan nan mutum guda ne ya yi shirin ko-ta-kwana," ya ce, "kuma ba mutum ba ne. A bar ma mai suna sunanta."

Kafin jama'a su gama watsewa ruwa ya sauko, ruwan shuka sosai.

Da gari ya waye kowa ya nufi gona. Shu'aibu na gaba da sungumi yana sara, Ladi na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Bai yi maganar Bature ba ko sau ɗaya, har suka kai tsakiyar gona. Can ya tsaya ya jingina da sungumi.

"Ladi, kin san da tiyon nan mutum na iya busa iri cikin rami daga nesa, ba sai ya duƙa ba?"

Ladi ta ƙara rungume ƙwaryar a ƙugunta.

"Sara, maigida," ta ce.

Mamman ya biyo ta kan iyaka da sungumi a kafaɗa, ya yi musu barka da ruwa, ya ce da ya fito ya biya ta gidansu don ya gai da Kumandan.

"Ai ga ni nan," in ji Shu'aibu.

"Ba kai ba. Na ishe ta tana gyaran ɗaki, na ce Allah shi ba da haƙuri."

Shu'aibu ya buɗe baki, ya dubi ƙwaryar da ke hannun matarsa, ya rufe. Ya ɗaga sungumi ya ci gaba da sara.